Rakiyar 'Yar Fari Zuwa Ganin Jami'a

Funtuwa, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayata Shafa'atu,

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwa ta girmamawa da kewa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Ummaru da yara baki ɗaya. Allah Ya kawo sauƙin ciwon bayan nan da kika ce yana hana ki daɗewa a zaune, Ya sa kaffara ne. Yaya ruwan Fatakwal, wanda kika ce ba ya barin wanki ya bushe? Yaya kasuwar albasar Alhaji? Allah Ya buɗa masa, Ya tsare mana ku a wannan nisan duniya da kuke, Ya kuma nuna mana ranar da za ki sauka a tashar Funtuwa mu gan ki ido da ido.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau a bana, masarar Malam ta Bakori ta yi goyo, waken suya ma ya rufe ƙasa. Shi Malam kusan can ya tare, sai ranar Juma'a muke ganinsa, ya dawo ya yi baƙi ya rame amma fuskarsa a sake. Tsohuwa, mahaifiyarmu, ta zo daga Dayi ganin likitan ido, an ba ta maganin ɗigawa, an ce ta zauna kusa har a sake dubawa, don haka tana wurina. Kin san halinta, tun da ta zo ba ta yarda miyata ta ji daddawa ba ko sau ɗaya. Jibril ya shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, ya fi ni tsawo yanzu. Amina ta zubar da haƙoran gaba, tana yini tana rufe baki da gefen hijabi don kada a yi mata dariya. 'Yarki kuma, ta farin nan tawa, kin riga kin ji sakamakon jarrabawarta ya yi kyau, saura zaɓen jami'ar da za ta nema. A kanta ne ma na ɗauki biro.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ranar da kika kira kika tambaye ni ko zuwa ganin jami'ar nan yana da amfani, saboda ɗanki Zainulabidin ya matsa miki a kai shi irinta a can wajenku, na ce miki eh to, babu laifi, na kawo zancen farashin manja. Ba amsata ke nan ba, Yaya. 'Yarki ce ke riƙe min da wayar a lokacin, Tsohuwa kuma tana kan tabarma ta baza kunne. Saƙon murya ma in na yi, 'yarkin ce ke tura min, kuma sai ta saurara. Shi ya sa na ce bari in yi amfani da abin da na koya a ajin manya da girmana, in ba Buba direba in zai kai masara can ya miƙa miki hannu da hannu. Ki yi haƙuri da rubutun, har yau layina hawa yake yi yana sauka, kuma in hannuna ya gaji sai in ajiye in koma washegari.

Ga yadda abin ya faro. Kin san maƙwabciyata Risikat, Bayarabiyar nan mai shagon robobi da kuloli, wadda ta kawo miki alala da kika zo sunan Amina. 'Yarta Adesewa a nan Funtuwa aka haife ta, Hausarta ta fi tawa sauri, tare suka yi makaranta da 'yarki tun firamare. To ita Adesewa ce ta gano a waya cewa wata jami'a a Kano tana ware rana guda ta buɗe ƙofarta, yaran da ke son shiga su zo tare da iyayensu, a zagaya da su azuzuwa da ɗakunan kwana, su ga malamai, su yi tambaya. Da aka gaya wa Malam sai ya ce shi bai ga abin gani a bango da bishiyoyi ba, karatu a ka yake ba a gini ba, kuma shi ga sa taki na biyu a gabansa, ba zai bar gona ya je yawon buɗe ido ba. Amma bai hana ba. Ya ce in akwai babban da zai raka ta, ta je.

Kin san yadda muke magana da ita. Ni ina kallon tukunya, ita tana kallon ƙofa. Ta tsaya a bakin madafa ta ce wai an ce ana zuwa da uwa ko uba. Ni kuma na ce wa tukunya to, Allah Ya kai mu. Wallahi Yaya, a raina na riga na tafi. Na fito da mayafina shuɗi na goge, na wanke takalmina na biki, har na fara tsara tambayoyin da zan yi, wa ke rufe ƙofar ɗakin 'yan mata, ina asibiti yake, akwai masallacin mata ko babu. Tsohuwa ta ga mayafin a kan igiya, da idon da ta ce ba ya gani, ta tambayi bikin wa ake yi. Da na gaya mata sai ta ajiye carbi. Ta ce ita dai a gidansu ba ta taɓa ganin uwa ta saɓa mayafi ta bi bayan 'yar fari kamar jela ba, ta shiga mota da ita kafaɗa da kafaɗa, ta tsaya gaban maza tana cewa wannan 'yata ce. Ta ce ko bokon da na shiga da tsufana ne ya wanke min kunya, to ta ji, amma in bari ta koma Dayi tukuna don kada a yi a gabanta. Ta ce yarinya tana da uwa a Fatakwal, tana da gwaggonni a Malumfashi, ni mece ce tawa a ciki. Na sauke mayafin na ninke.

A nan ne Risikat ta shigo, ba tare da ta san abin da ya faru ba. Ta ce ai ita dama za ta rufe shago ta kai Adesewa, in na yarda ta haɗa su biyu, duk nata ne. Tsohuwa ta yi ta sa mata albarka. Ni ma na yi godiya, har da cewa ta hutar da ni. Ranar tafiya na tashi na yi dambun nama da soyayyar gyaɗa, na ɗaure a leda biyu, na miƙa wa Risikat na ce a ba Adesewa ta ci a hanya. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce Adesewa ɗaya ce za ta cinye leda biyu. Keke Napep ya zo ƙofar gida ya ɗauke su zuwa tasha. Ban fita ba, ta tsagar ƙyaure na leƙa. Na ga Risikat ta gyara wa 'yarki hijabi a kafaɗa, ta kira sunanta da ƙarfi ta ce ta matsa ciki kada ruwa ya jiƙa ta. Sunan nan da ni na yi naƙudar mai shi, ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ita ta jefa shi a tsakiyar titi kamar tana kiran mai gyaɗa.

Sun dawo gab da magariba. 'Yarki ta shigo ta durƙusa ta gaishe da Tsohuwa, ta gaishe ni, na ce wa murhu an dawo lafiya, ta ce wa ƙasa lafiya lau. Ke nan. Ta yi salla, ta ci tuwo loma kaɗan, ta ce ta manta jakarta a gidan su Adesewa. Kin san katangarmu da tasu guda ce. Ina wanke kwanuka ina jin su ukun suna magana a tare, wannan na katse wannan, suna kwaikwayon muryar wani malami, suna dariya har da tafi. Muryar 'yarki ta fi ta kowa tashi. Ban san tana da irin wannan muryar ba, Yaya. A gidana magana take yi kamar mai tsoron tada jariri. Na daɗe da kwano ɗaya a hannu ina cuɗawa, har Tsohuwa ta tambaya ko so nake in huda shi.

Duk abin da na sani game da jami'ar nan a bakin Risikat na ji shi, washegari a shagonta, tana ba da labari tana sallamar masu saye. Gaskiya ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce an share ko'ina fes, an yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti, an raba musu ruwan roba. Ita kuma ba ta tsaya inda aka ce a tsaya ba. Da aka kai su ɗakin kwanan 'yan mata, wanda aka gyara aka shimfiɗa zannuwa sababbi, sai ta zame ta hau bene na sama, ta shiga banɗaki ta murɗa famfo, babu ko ɗigo. Ta tare wata ɗaliba a matakala, yarinyar ta gaya mata ai su da bokiti suke ɗebowa daga ƙasa, kuma ɗakin da aka nuna musu mai gado huɗu, a zahiri sun fi haka yawa a ciki. Ta tambayi lokacin rufe ƙofa, ta je ta ga asibitin da idonta, ta leƙa masallacin mata, ta ɗanɗana abincin da ake sayar wa ɗalibai ta ce shinkafar ba laifi amma miyar ruwa ce. Ina zaune a kan benci ina gyaɗa kai, ina jin tambayoyina ɗaya bayan ɗaya suna fitowa daga bakin wata. Sannan ta ce, kamar abin da kowa ya sani, ai 'yarki ta fasa karatun haɗa magunguna, yanzu aikin gona take so. Wai an shiga da su ɗakin gwaje-gwaje, aka sa ta leƙa wata na'ura mai girmama ƙananan abubuwa, ta ga ganyen masara da ƙwayayen tsutsa a jiki, ta ƙi tashi daga wurin har sai da Adesewa ta ja ta. Na ce eh, ai ta gaya min. Ba ta gaya min ba. Tare da wata mata mai sayen bokiti na ji abin da 'yar cikina za ta zama.

Wanda ya fi ci min rai shi ne hoton. Risikat ta ce a babban zaure an ce iyaye su miƙe tare da 'ya'yansu a tafa musu, ita kuma ta miƙe ta rungumo su biyun, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wata malama ta tambaye ta ko tagwaye ne, ta ce eh, Allah ne Ya ba ta ɗaya a Yarabanci ɗaya a Hausa, aka yi ta dariya, aka ɗauke su hoto. Na yi dariya ni ma. Bayan 'yan kwanaki 'yarki ta bar wayarta tana caji a ɗakina, saƙo ya shigo, fuskar wayar ta kawo haske. Hoton ne ta sa a kai. Ta kwantar da kanta a kafaɗar Risikat, haƙoranta duk a waje. A ƙasa ta yi rubutu, ni kuma na tsaya na haɗa baƙaƙen kamar yadda aka koya mana, a hankali, har suka ba ni ma'ana. Ni da Adesewa da Mama, haka ta rubuta. Da ban shiga ajin manya ba da na ga hoto kawai na wuce. Kuma kin san wa ya ja ni ajin nan? Risikat ce. Ita ta yi ta yi min mita shekarun baya har na sayi littafi da fensir.

Daga nan, Yaya, sai na koma wata iri. Na san Adesewa ke kiranta Mama, duk yaran layi ma haka suke kiranta, 'yarki tun tana rarrafe take faɗa, ban taɓa jin komai ba. Amma yanzu in na ji ta ce za ta leƙa wurin Mama sai in ji haushi ya kama ni. Na fara ganin laifin matar nan a komai. Muryarta ta yi ƙarfi, turarenta ya yi yawa, robobinta ba sa ƙarko. Na buƙaci baho na wuce shagonta na tafi har babbar kasuwa na sayo wanda bai kai nata ba, na ɓoye shi a bayan randa kamar kayan sata. In ta zaunar da Adesewa tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitso a ƙofar gida, tana zaginta tana shafa kanta, sai in rufe taga. Ni kitson 'yarki tun tana ƙarama gidan maƙwabta nake tura ta. Da Risikat ta aiko min da alala a kwanon nan nata mai murfi, na ce wa Tsohuwa gishiri ya yi yawa, alhali ta cinye rabonta tana suɗe hannu. Na wanke kwanon na mayar mata da shi haka nan wayam, ko ƙuli guda ban sa ba. Shekarunmu da ita muna musayar kwano, ba a taɓa mayar da shi babu komai ba.

Ba ta bari ya kwana ba. Da la'asar sai ga ta da kwanon a hannu, ta gaishe da Tsohuwa, ta ja ni bayan ɗaki wajen 'yar gonar masarata. Ta buɗe murfin ta nuna min cikinsa, ta tambaye ni ko ɓeraye ne suka tare Amina a hanya, ko kuwa ni ce aka yi wa gobara ba ta ji ba. Na ce mantuwa ce. Ta kira ni Hajiyar kunya, ta ce in bar mata wannan, tare muka tsufa a layin nan, ta san fuskata in na ƙoshi ta san ta in na cika. Ta ce ita ba ta saci 'yar kowa ba, aro aka ba ta, kuma aron ma ya yi mata nauyi. Sannan ta gaya min abin da ba ta faɗa a shago ba. Wai a ɗakin gwaje-gwajen nan 'yarki ta tambayi malamin ko toka da yashi da ake zubawa a zuciyar masara suna kashe tsutsa, don haka mahaifiyarta ke yi kowace safiya a bayan ɗaki. Malamin ya ce yana ragewa in an yi da wuri amma ba ya gamawa da ita, sai ya juyo wurin Risikat ya tambaye ta wace irin toka take sa wa. Risikat ta ce ita da ba ta san gaban masara da bayanta ba sai ta tsaya tana murmushi kamar gunki. 'Yarki ce ta cece ta, ta ce wa malamin ba wannan ba ce, Ummanta tana gida, ba ta samu zuwa ba. Risikat ta ce yadda yarinyar ta faɗi ba ta samu zuwa ba ɗin nan, ita da ba ta haife ta ba sai da ta kau da kai.

Za ki ce ai sai in ji sanyi. Na ji, amma kaɗan. Abin da ya fara zuwa min shi ne, ko wannan ma a kunnen Risikat aka faɗe shi. Yarinyar nan ashe tana kallona ta taga ina bin masara da tokata, ta ɗauki abin har Kano ta kai gaban malamin jami'a, ni kuma ina nan ina ninke mayafi. A cikin masarar nan na karya goyo huɗu na zuba mata a kwanon. Ta ce yanzu ta ga alamar hankalina ya fara dawowa.

Yaya, akwai abin da ban taɓa tambayarki ba. Ke ce 'yar farin Tsohuwa. Ni tana kiran sunana tun daga zaure, ta zage ni, ta ba ni labari, mu yi faɗa mu shirya. Ke kuwa har yau ta Fatakwal take ce miki. Ranar da za ku tashi zuwa can kowa ya raka ki bakin hanyar Dayi ban da ita, ta ce tana da tankaɗe. Da na dawo na same ta tana tankaɗe garin da ni da hannuna na riga na tankaɗe da safe, ba ta ɗago ba har rana ta faɗi. Ni na gani, ke ba ki gani ba, kina cikin mota. To me ya amfane ki? A lokacin kin san da haka, ko kuwa kin tafi kina zaton ba ta damu ba? Ba raina al'adarmu nake ba, na san kawaici ne da girmama dangin da suka ba mu, kuma da ita aka rene mu muka zama mutane. Amma ke aure ya kai ki, gidan da iyaye suka bincika suka sani. Ita wannan wuri za ta shiga mai dubban mutane, shekara huɗu ko biyar, ba dangin uwa ba na uba. In famfo ya ƙafe mata ko wani malami ya matsa mata, wa za ta kira? Na riga na san lambar da za ta danna, kuma ba tawa ba ce.

Don haka ga amsar tambayarki. Zuwa yana da amfani, ki bar Zainulabidin ya je. Kada dai ki ɗauki abin da aka nuna a matsayin yadda wurin yake kullum, gyaran baƙi ne, kamar yadda muke yi wa ɗaki in surukai za su zo. A hau benen da ba a ce a hau ba, a murɗa famfo, a tare ɗalibin da ba shi aka sa ya yi jawabi ba. Maganar Malam ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, gini ba ya karatu. Amma da 'yarki ba ta je ba da ta nemi abin da ba shi ne a ranta ba, don kawai an ce masu haɗa magunguna ba sa rasa aiki. Shi kansa Malam da ya ji zancen tsutsar nan cewa ya yi in ta gama ta fara da gonarsa. Sai dai abu ɗaya nake roƙonki, kada ki haɗa shi da yaron shagon Alhaji ko wani maƙwabci. Ki ɗaure bayan nan naki da zane ki je da kanki. Jami'ar kowa zai iya ba ki labarinta. Fuskar ɗanki a lokacin da ya ga abin da yake so, wannan wanda ke tsaye a wurin ne kawai yake samu, kuma ba ya iya kawo miki ita gida. Ke ba ki da hujja ma, Zainulabidin na uku ne.

Yanzu ga buƙatata. Akwai wata jami'ar a hanyar Kaduna, an ce sashen aikin gonarta ya fi na Kano, har da gonar gwaji, su ma za su buɗe ƙofa Asabar ta sama. Risikat ta ce za ta kai Adesewa, kuma ta ce wannan karon in ban fito ba za ta bar min tawa a ƙofar gida. Malam na gaya masa ranar Juma'a, ya dube ni ya daɗe, ya ce in dai na iya da Tsohuwa shi ba ruwansa. Shekaranjiya ina tuƙa tuwo, 'yarki tana tsaye a inda ta saba tsayawa, na ce wa tukunya ni kam an ce an gyara hanyar Kaduna, ban taɓa ganinta ba. Sai ta ce wa ƙofa motar farko bayan asuba take tashi, kuma shuɗin mayafin ya fi kyau. Ashe ta gan shi a kan igiya rannan. To Yaya, ki kira Tsohuwa kafin ranar. A al'ada ke ce uwar yarinyar, ki ce ke kika wakilta ni tunda nisa ya hana ki. Ba za ta iya yi miki musu ba, ko amsa miki da ƙarfi ba ta yi. Zuwa dai zan je, amma ba na so in fita ta juya min baya da ciwon ido.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne zauren nan. Risikat ta ce bayan an miƙe wani lokaci ana zagayowa da abin magana, uwa ta faɗi sunanta da na ɗanta da garin da suka fito. In ya zo kaina fa? Ba zan tsaya ina cewa yarinyar nan ba, kuma ba zan bari Risikat ta amsa min ba, ta amsa sau ɗaya ya isa. Na gwada a bayan ɗaki cikin masara inda ba kowa, na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Malamarmu ta ajin manya takan ce abin da ya gagari baki a fara ba hannu, in hannu ya saba baki zai biyo. Ki yi min addu'a.

Ki gaishe min da Alhaji Ummaru da kyau, ki ce masa Malam na yi masa fatan alheri. Ki gaishe da Zainulabidin, Allah Ya yi masa zaɓi mafi alheri, da sauran 'yan uwansa manya da ƙanana. Na sa miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a hannun Buba, daddawar ta Dayi ce, Tsohuwa ta ce a ba ta Fatakwal, ita ta ɗaure da kanta. Malam yana gaishe ku. Jibril yana gaishe ki, Amina tana gaishe ki da bakinta mai giɓi. Risikat ma ta ce in gaishe ki, na isar.

Raudatu tana gaishe ki.

Ki duba ki ga ko na rubuta sunan daidai. Shi kaɗai ne layin da bai karkace ba a duk takardar nan.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Zakiyya